Tambayoyi da amsoshi: Haraji kan kuɗin da ake karɓa ta manhajojin biya a Amurka

Miliyoyin mutane a Amurka ne ke karɓar kuɗi ta manhajojin wayar salula irin su PayPal da Venmo da Cash App, ko kuma ta kasuwannin intanet kamar eBay da Etsy.

Daga shekarar 2021 zuwa 2025, an yi ta sauya adadin kuɗin da idan mutum ya karɓa, tilas ne waɗannan kamfanoni su kai rahotonsa ga hukumar tara haraji ta ƙasar, watau IRS. An rage adadin daga dala 20,000 zuwa dala 600, aka ɗage fara aiki da shi har sau biyu, aka mayar da shi dala 5,000, daga bisani kuma aka koma inda aka fito.

Wannan kai-komo ya jefa ƙananan 'yan kasuwa da direbobin haya da masu sana'ar hannu cikin ruɗani, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma da ke neman abinci a birane irin su New York. Ga bayanin abin da dokar ta tanada.

Mece ce takardar 1099-K?

Takarda ce da kamfanin da ya biya mutum kuɗi a madadin masu sayen kayansa yake cikewa sau ɗaya a shekara. Kamfanin yana aika kwafi ɗaya ga hukumar IRS, ɗaya kuma ga mutumin. Kwafin mutumin dole ne a aika masa kafin ƙarshen ranar 31 ga watan Janairu na shekarar da ta biyo baya.

Takardar tana ɗauke da suna da adireshi da lambar haraji ta mutumin, da jimillar kuɗin da ya shigo masa a shekarar, wata bayan wata.

Ta samo asali ne daga wata doka kan gidaje da farfaɗo da tattalin arziki, wadda Shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu a watan Yulin 2008. An fara aiki da ita kan cinikin shekarar 2011.

Dokar ta kasa masu biya gida biyu. Kashi na farko shi ne kamfanonin da ke gudanar da biya da katin banki: su ba a yanka musu wani adadi ba, ko dala ɗaya ce ta shiga ta kati, za a iya rubuta ta. Kashi na biyu shi ne manhajoji da kasuwannin intanet da ke karɓar kuɗi daga mai saye su miƙa wa mai sayarwa. Su ne aka yi wa iyaka, kuma a kan wannan iyaka ce aka yi ta ja-in-ja.

Mene ne adadin da ake aiki da shi?

A ƙarƙashin dokar haraji da kashe kuɗi da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga watan Yulin 2025, sai an cika sharuɗɗa biyu a lokaci guda kafin kai rahoto ya wajaba a kan kamfani: kuɗin da mutum ya karɓa na kaya ko na aiki ya haura dala 20,000 a shekara, sannan yawan cinikin ya wuce sau 200.

Ke nan wanda ya karɓi dala 30,000 a ciniki 150 bai cika sharaɗi ba. Haka ma wanda ya yi ciniki sau 400 amma jimillarsu dala 9,000 ce.

Sai dai doka ba ta hana kamfani aika takardar ga wanda bai kai wannan adadi ba. Kazalika wasu jihohi suna da nasu adadin da bai kai na tarayya ba. A jihohin Massachusetts da Virginia da Maryland, alal misali, dala 600 ce.

Yaya aka yi adadin ya yi ta sauyawa?

A watan Maris na 2021, Shugaba Joe Biden ya rattaba hannu kan dokar ceto tattalin arziki daga illar annobar korona. Wani ɗan sashe a cikinta ya sauko da adadin zuwa dala 600, ya kuma soke sharaɗin yawan ciniki baki ɗaya, daga shekarar 2022. Kwamitin haɗin gwiwa na majalisar dokoki kan haraji ya yi ƙiyasin cewa matakin zai samar wa gwamnati kimanin dala miliyan dubu 8 da miliyan 400 cikin shekaru goma.

Kamfanoni irin su eBay da Etsy da PayPal sun haɗa kai wajen adawa da matakin, suna cewa zai tsorata mutanen da ba su wuce sayar da tsofaffin kayan gidansu ba. Ita kanta hukumar IRS ta yi hasashen cewa takardun za su kai miliyan 44 a shekara, watau ƙarin kimanin miliyan 30 a kan yadda aka saba.

A watan Disambar 2022, ana saura kwanaki shekara ta ƙare, hukumar ta sanar da ɗage fara aiki da sabon adadin. Ta sake ɗagewa a watan Nuwambar 2023.

A Nuwambar 2024 kuma ta fitar da jadawalin sauka mataki-mataki: dala 5,000 ga shekarar 2024, dala 2,500 ga 2025, sannan dala 600 daga 2026. Matakin farko ne kaɗai aka yi aiki da shi, abin da ya sa mutane da dama suka ga takardar a karon farko a farkon 2025. Dokar watan Yulin 2025 ta rushe sauran jadawalin, ta dawo da tsohon adadi kamar ba a taɓa sauya shi ba.

Shin wanda bai kai adadin ba, babu haraji a kansa ke nan?

A'a. Nan ne mutane suka fi yin kuskure.

Wannan adadi ba kamar nisabin zakka ba ne, wanda idan dukiya ba ta kai shi ba, babu abin da ya hau kan mai ita. Adadin yana magana ne kan nauyin da ke kan kamfani na kai rahoto. Nauyin da ke kan mutum na bayyana abin da ya samu yana nan daram, ko an aiko masa da takarda ko ba a aiko ba.

A dokar Amurka, duk ribar da mutum ya samu daga sana'a ko kasuwanci abar biyan haraji ce, ko ta manhaja ta shigo, ko ta caki, ko hannu da hannu. Duk mai zaman kansa da ribarsa ta kai dala 400 a shekara, wajibi ne ya cike takardun haraji.

Saboda haka mai kitso da ta karɓi dala 8,000 ta Cash App a shekara ba lallai ba ne ta ga takardar 1099-K, amma dole ta saka kuɗin a lissafinta. Babu ko ɗaya daga cikin sauye-sauyen shekarun 2021 zuwa 2025 da ya ƙara ko ya rage harajin da doka ta ɗora wa kowa. Abin da ya sauya shi ne yawan mutanen da hukuma ke iya hango cinikinsu.

Me ya sa gwamnati ta damu da waɗannan takardu?

Saboda giɓin da ke tsakanin harajin da ya kamata a biya da wanda ake biya a kan lokaci. Hukumar IRS ta ƙiyasta cewa giɓin ya kai dala miliyan dubu 696 a shekarar haraji ta 2022.

Binciken hukumar ya nuna cewa inda ake cire haraji daga albashi tun kafin ya isa hannun ma'aikaci, kuma ake kai rahotonsa, abin da ake ɓoyewa bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Amma inda babu wani na uku da ke kai rahoto, kamar cinikin masu zaman kansu, abin da ba a bayyanawa yana kai wa kashi 55 cikin ɗari.

Wannan ce hujjar masu goyon bayan rage adadin: mutum ya fi faɗin gaskiya idan ya san hukuma na riƙe da kwafin takardarsa. Masu adawa kuwa suna ganin wahalar da za a jefa miliyoyin mutanen da ba su da bashin ko sisi ta fi ƙarfin abin da za a tara.

Kuɗin da 'yan uwa da abokai suka turo fa?

Ba kuɗin shiga ba ne, kuma bai kamata su fito a takardar ba. Kyauta, da gudummawar biki ko suna, da kuɗin da aboki ya mayar bayan an biya masa abinci, da kason kuɗin haya da abokin zama ya turo, duk babu haraji a kan wanda ya karɓa. Haka abin yake ga bashin da aka biya mutum, in ban da wani abu da aka ɗora a kan uwar kuɗin.

Matsalar ita ce manhaja ba ta san niyyar mai turo kuɗi ba, sai abin da aka gaya mata. A PayPal da Venmo, mai biya yana zaɓar ko kuɗin na 'yan uwa da abokai ne, ko kuma na sayen kaya da biyan aiki. Na biyun ne kaɗai ake ƙirgawa. A Cash App kuwa, asusun kasuwanci ne ake kai rahotonsa.

Idan ɗan uwa ya yi kuskuren danna zaɓin ciniki, kuɗin zai shiga lissafin da ake aika wa hukuma. Wannan ya sa masu riƙe kuɗin adashi ko na ƙungiyar gari, waɗanda kuɗi masu yawa ke ratsawa ta asusunsu alhali ba nasu ba ne, suke da buƙatar rubuta wanda ya zuba da wanda ya kwasa, da ranar da aka yi.

A ɗaya ɓangaren kuma, ɗan kasuwar da ke roƙon masu saye su tura masa kuɗi da sunan kyauta don kada a gani, bai tsira daga harajin ba. Ya kuma saɓa wa sharuɗɗan kamfanin, sannan mai sayen ya rasa kariyar da ake ba shi idan kaya ba su iso ba.

Me ya sa ake cewa Zelle daban yake?

Zelle, wanda aka ƙaddamar a 2017, mallakar wani kamfani ne da manyan bankunan Amurka suka kafa. Ba ya riƙe kuɗin kowa: saƙo kawai yake isarwa, kuɗin kuma ya tashi daga asusun banki zuwa wani asusun kai tsaye. A bisa wannan dalili kamfanin ya ce dokar ba ta shafe shi ba, kuma ba ya fitar da takardar 1099-K.

Amma kuɗin sana'a da aka karɓa ta Zelle haraji ya hau kansu kamar kowane kuɗi. Idan bincike ya taso, bayanan asusun banki suna nan.

Idan mutum ya sayar da tsofaffin kayansa fa?

Ya danganta da ko ya ci riba ko ya faɗi. Wanda ya sayi kujerun falo a kan dala 900, bayan shekaru ya sayar da su dala 400, ya faɗi ne, don haka babu haraji a kansa. Sai dai ba zai iya cire wannan hasara ta dala 500 daga sauran abin da ya samu ba, tunda kayan amfanin kansa ne.

Wanda kuma ya sayi agogo dala 300 ya sayar dala 500, ya ci ribar dala 200, kuma dole ya bayyana ta. Ba a haɗa hasarar kujeru da ribar agogo a ce sun cinye juna: kowane ciniki ana duba shi daban.

Abin da ke raba gardama a nan shi ne rasit. Wanda ba shi da shaidar farashin da ya sayi kaya zai sha wahalar nuna cewa faɗuwa ya yi.

Shin adadin da ke kan takardar shi ne ake biya wa haraji?

Ba shi ba ne. Takardar tana nuna jimillar kuɗin da masu saye suka biya, ba tare da an cire komai ba: ba a cire ladan kamfani, ko kuɗin aika kaya, ko kuɗin da aka mayar wa wanda ya dawo da kaya.

A ɗauki misalin tela da ke sayar da kaftani da huluna ta intanet. Ya yi ciniki sau 300 a shekara, takardarsa ta nuna dala 24,000. Daga ciki kamfani ya cire ladansa dala 2,000, an mayar wa masu saye dala 1,000, shi kuma ya kashe dala 11,000 a kan yadi da zare da kuɗin gidan waya. Ribarsa dala 10,000 ce, kuma a kanta za a yi masa lissafi.

Zai rubuta jimillar da kuma abubuwan da ya kashe a fom ɗin da ake kira jadawalin C. Idan ba shi da shaidar abin da ya kashe, hukuma na iya ƙin amincewa da ragin, ta nemi haraji a kan abin da ya fi ribarsa ta gaskiya nesa ba kusa ba.

Ban da harajin kuɗin shiga, mai zaman kansa yana biyan wani haraji na kashi 15.3 cikin ɗari, wanda ke zuwa asusun fansho na ƙasa da na kiwon lafiyar tsofaffi. Ma'aikacin albashi rabi yake biya, mai kamfani ya cika rabin, amma mai zaman kansa shi ke ɗaukar duka. A misalin telan nan, wannan kaɗai ya kai kimanin dala 1,400.

Tunda babu mai cire masa haraji daga tushe, wanda ke tsammanin bashin harajinsa zai kai dala 1,000 ana son ya riƙa biya kashi huɗu: a tsakiyar watannin Afrilu da Yuni da Satumba, da kuma Janairun shekara mai zuwa.

Idan an aiko da takarda bisa kuskure fa?

Matakin farko shi ne tuntuɓar kamfanin da ya fitar da ita, wanda sunansa da lambar wayarsa ke saman takardar, a nemi ya gyara. Hukumar IRS ba ta gyara takardar da ba ita ta rubuta ba.

Idan gyaran bai samu ba, hukumar ta ce kada mutum ya jinkirta cike takardunsa, waɗanda wa'adinsu ke cika a ranar 15 ga watan Afrilu. Akwai gurbi a jadawali na 1 na babban fom ɗin haraji inda ake nuna adadin da ya shigo bisa kuskure, ko na kayan gida da aka sayar da faɗuwa.

Abin da bai kamata ba shi ne yin biris da takardar. Kwamfutocin hukumar suna gwada abin da kamfanoni suka aiko da abin da mutum ya rubuta, kuma idan ba su yi daidai ba, wasiƙa za ta biyo baya, wani lokaci bayan fiye da shekara guda.

Wane hukunci ke kan wanda ya ƙi bayyanawa?

Wanda ya makara wajen cike takardu ana cin sa tarar kashi 5 cikin ɗari na harajin da ake bin sa a kowane wata, har zuwa kashi 25. Wanda ya rage abin da ya samu saboda sakaci ana iya ƙara masa kashi 20 cikin ɗari na abin da ya rage, ga kuma kuɗin ruwa. Ɓoyewa da gangan kuwa babban laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari.

Akwai kuma batun lambar haraji. Idan mutum bai ba kamfani lambarsa ba, ko ya ba da wadda ba daidai ba, doka ta tanadi a riƙe kashi 24 cikin ɗari na kuɗinsa a miƙa wa hukuma. Baƙin da ba su cancanci lambar SSN ba suna iya neman wata lambar haraji ta musamman da ake kira ITIN.

A ƙa'ida, ana son mutum ya adana rasit da sauran shaidu na aƙalla shekaru uku. Masu ba da shawara kan haraji sun fi jaddada abu guda: a raba asusun sana'a da na gida.

Shin dokar ta shafi kuɗin da ake aikawa gida Afirka?

Takardar 1099-K ba ta shafi wanda ke aika wa iyalinsa kuɗi ba, domin batunta kuɗin da aka karɓa ne na ciniki. Amma dokar watan Yulin 2025 ta zo da wani sabon haraji na daban, na kashi 1 cikin ɗari, a kan kuɗin da ake turawa ƙasashen waje daga ranar 1 ga watan Janairun 2026.

Harajin ya shafi wanda ya kai tsabar kuɗi ko takardar kuɗi ta gidan waya ko cakin banki ga wakilin aika kuɗi. Wanda ya tura daga asusunsa na banki, ko da katin bankin Amurka, an ɗauke masa. Da farko kashi 5 aka nema, majalisar wakilai ta amince da kashi 3.5, kafin a tsaya a kan kashi 1.

Su kuwa matasan da ke zaune a Kano ko Yamai ko Kumasi suna yi wa kamfanonin Amurka aiki ta intanet, galibi fom ɗin W-8BEN ake neman su cike, domin tabbatar da cewa su ba mazauna Amurka ba ne. Ladan aikin da baƙo ya yi a wajen Amurka, a ƙa'ida, ba Amurka ce ke karɓar harajinsa ba, ƙasar da yake zaune ce. A Najeriya, sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta keɓe naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara daga haraji.

Yaya lamarin yake a sauran ƙasashe?

Yayin da Amurka ta ja da baya, wasu ƙasashen gaba suka yi. A 2020, ƙungiyar ƙasashe masu ci gaban tattalin arziki ta OECD ta fitar da wani tsari da ke neman kasuwannin intanet su riƙa tattara bayanan masu sayarwa suna miƙa wa hukumomin haraji.

Tarayyar Turai ta fara aiki da nata tsarin a watan Janairun 2023. Mai sayar da kaya ba ya shiga rahoto ne kawai idan cinikinsa bai kai sau 30 ba, kuma kuɗin bai wuce yuro 2,000 a shekara ba. Birtaniya ta bi sahu a Janairun 2024, kuma rahotannin farko sun isa hukumar harajinta a Janairun 2025. A can, an yafe wa mutum fam 1,000 na farko na abin da ya samu daga ƙaramar sana'a a shekara.

Tsarin na Turai ya fi karkata ga kasuwannin intanet da dandalin hayar gidaje da na sufuri, bai haɗa da kamfanonin da aikinsu kawai isar da biya ne ba. Ya kuma tanadi musayar bayanai tsakanin ƙasashe, ta yadda mai sayar da kaya daga Jamus ta wani dandali da ke da rajista a Ireland, bayanansa za su isa hukumar harajin Jamus.